Gajimaren da Ban Kalla Ba

Ku masu aiko min da saƙo kuna cewa "Anti Mastura, Allah ya bar ki da gaskiyarki", ku ɗan riƙe yabon nan tukuna. Abin da zan ba ku yau na fi shekara ashirin ina kewaye shi. Ku karanta, in ya so ku zage ni daga baya.

Shekarar 2002 ce, ina da shekara ashirin da biyu, a gidanmu na Agege, bene mai hawa ɗaya a bayan layin dogo. Ƙasa rumbun goron Baba ne, Alhaji Nata'ala, kullum cikin warin jiƙaƙƙen ganye. Sama mu ne. Can ƙololuwa kuma akwai fili na siminti inda tankin ruwa yake, nan ake shanya. Da rana tsaka ba mai hawa wurin sai wanda aka aika.

Saurayina sunansa Shafi'i. Dogo ne siriri, wandonsa ɗaya amma karin gugarsa zai yanka tumatir, biro uku a aljihun gaba. In yana tafiya a titi sama yake kallo. Sau biyu ɗan okada ya kusa kwashe shi a Pen Cinema saboda haka. Yana aikin wucin gadi a wani ɗan ofishin bincike kusa da filin jirgi a Ikeja, inda yake zama gaban wata na'ura mai karɓo hotunan gajimare daga tauraron ɗan Adam. Iyakar sana'ar kenan. Namiji da gemunsa, ya tashi da safe ya yi wanka, ya hau danfo, ya tafi kallon hoton girgije.

A gidanmu ya zama abin taɓa baki bayan cin abinci. Yayana Sadisu ya sa masa Oga Gajimare.

"Abeg, Oga Gajimare, ka tambayar min tauraron naka ko ya hango inda wutar unguwarmu ta tafi."

Gwaggo Haoua kuwa, ƙanwar Baba da ta zo daga Maraɗi jinyar ƙafa ta share wuri ta zauna, ita ba ta ma ɓoyewa.

"Bon, ni dai ban gane ba, ɗiyata. Mi yake saidawa? Mutum in ba ya saida komi, ba ya gyara komi, ba ya tuƙa komi, to mi yake yi?"

Baba bai hana ba. Magana ɗaya ya yi: "Ba na ba da 'ya ga wanda za a iya ce masa gobe kar ka zo. Ya kawo takardar aiki na dindindin, a sa rana."

Ni fa? Ina sonsa, wannan kar ku yi shakka. Amma ina jin kunyar aikinsa kamar yadda ake jin kunyar ɗan'uwa mai taɓin hankali. In ƙawaye suka tambaya sai in ce a filin jirgi yake, in bar su su ɗauka ko matuƙi ne.

Wata Asabar cikin Maris ya zo bayan la'asar. Na sauko cikin atamfa ruwan ganye da mayafi shara-shara, na sha turare, muka zauna a bencin gindin matakala. Na zaci zai ce na yi kyau. Sai ya kama bakin mayafin da yatsa biyu yana ɗaga shi wajen haske.

"Yauwa. Irin wannan nake ta son in kwatanta miki."

"Irin me?"

"Gajimaren da muke bi. Ba hadarin ruwa ba, wannan kowa na ganinsa. Akwai wasu can sama da shi, sama da hanyar jirgi, farare sirara, kamar an taje furfurar tsohuwa an watsar. Ba ruwa ba ne a cikinsu, garin ƙanƙara ne."

"Ƙanƙara. A saman Legas. Da wannan zafin."

"Can sama sanyi ya fi na firjin masu kifi. To kin ga mayafin nan, rana na ratsa shi ta taɓa ki, amma zafin jikinki ba ya saurin fita. Haka suke yi wa duniya. Masana na can suna ta gardama: in teku ta ƙara zafi, ƙaruwa za su yi su ƙara dafa mu, ko janyewa za su yi duniya ta sha iska? Ba wanda ya sani. Shi kuma tauraron da aka harba ya ƙirga su, tsabar sirantarsu wani lokaci ta cikinsu yake gani har ƙasa, sai ya ce sama tas take."

A raina na ce, ƙawayena ana kawo musu leshi da takalmi, ni nawa ya kawo min ƙanƙarar da ko a zoɓo ba za a sa ba.

Sai ya buɗe jaka ya fito da waya.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. A lokacin duk layinmu mutum uku ke da wayar hannu. Baƙa ce, mai ɗan ƙaho a ka, fuskarta na kawo koren haske.

"Ta ofis ce. Tauraron na wucewa ta kanmu wajen ƙarfe biyu da 'yan mintuna. Daidai lokacin ni ina ɗakin na'ura, ko taga babu. Ina neman wanda zai tsaya a fili ya kalla da ido, in gwada da abin da tauraro ya gani. In na turo miki 'Yanzu', ki hau saman bene, ki raba sama gida takwas a ranki, ki ga gida nawa siraran suka rufe. Ki turo lamba, daga sifili zuwa takwas. In hadari ya tare ba ki ganin can sama, ki turo X. Za ki iya?"

Ni dai waya kawai na ji. Na ce me zai hana. Washegari na ɗinka mata 'yar jaka da ragowar leshin Inno, mahaifiyata.

Kwana tara na hau, Allah ne shaida. Siminti na ƙona ƙafa ta cikin silifa, ido na hawaye. Wata Bayarabiya maƙwabciyarmu ta leƙo daga barandarta ta tambaye ni ko tashi sama nake koyo. Gwaggo ta ce zan baƙe kamar gindin tukunya tun ba a kawo lefe ba. Ba zan ɓoye ba, rana ta shida na gan su sosai. Sun miƙe daga wajen teku, jere-jere, kowanne da lanƙwasa a baki kamar ƙugiya, ba motsi, alhali ƙananan gajimare na ta gudu a ƙarƙashinsu. Na daɗe a tsaye har na manta zafi. Da na sauko na ji haushin kaina, na ce Mastura, ciwon nan fa ɗauka ake yi.

Rana ta goma ina zaune ƙafafuna cikin lalle, an ɗaure da leda. Waya ta yi ƙara. "Yanzu." Na kalli silin ɗakinmu, na kalli ƙafata. Na danna 6.

Minti biyu sai ga amsa: "Na gode. Ke ce idona."

Shi kenan. Tunda shida ta tafi ba abin da ya faru, ban ƙara taka saman benen nan ba.

Kuna son jin inda nake samo lambobin? Wata rana yankan naman da ke cikin miyar Inno. Wata rana kajin da na hango a tsakar gidan maƙwabta. Wata rana sau nawa jirgin ƙasa ya yi kuka kafin ya wuce. In abin ya zo ɗaya ko biyu sai in ƙara, don ƙaramar lamba ta yi min kama da rowa, kar ya ce budurwarsa ba ta ƙoƙari. Bakwai na fi so. In na ji ruwa a kan kwano ko ɗaki ya yi duhu, in tura X. Wautata ba ta kai nan ba. Na tura lamba daga cikin danfo, na tura daga kasuwar Oyingbo ina riƙe da kwandon busasshen kifi, na tura kaina na kan cinyar mai kitso. Kullum amsa ɗaya, "Ke ce idona", ni kuwa in taɓe baki in miƙa wa Sadisu ya ci gaba da wasan macijinsa na cikin wayar.

Wata uku ana haka.

Asabar ta ƙarshen Yuni sai ga shi tun kafin la'asar, da sabon kaftani ruwan toka da har yanzu bai saki karin shago ba. Bai ko zauna daidai ba ya zazzage takardu a benci. Hotunan tauraron ne, toka-toka da fari-fari, kamar ƙanzon tuwo.

"Mastura, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Me na yi?"

"A kwanakin da ba hadari, fiye da rabi tauraro ya ce babu komai, ko kuma ɗan kaɗan. Ke kuma kin ga shida, kin ga bakwai! Ma'ana abin da yake ɓacewa a idonsa a saman Legas ya ninka abin da ake zato. Oga Siman ya aika wa wata farfesa a ƙasar waje taƙaitaccen bayani, ta amso cikin kwana biyu. Tana son cikakken rahoto. Ta ce in haka ne, sai an sake duba lissafin da ake yi wa duk yankin nan namu. Oga ya ce ranar Litinin za a aika, kuma a ranar zai rubuta a tabbatar da ni a aiki."

Ya nuna min shafin farko. An buga da keken rubutu: Mai lura daga ƙasa, Mastura Nata'ala.

Abin da ya fara zuwar min dariya ce. Farfesa guda, da gilashinta da digirorinta, tana can ta kasa barci a kan naman miyar Inno. Na danne da kyar.

Inno da ke laɓe a matakala, wai tana kwashe shanya, tuni ta haye da labari. Kafin ka ce me na jiyo Gwaggo Haoua daga sama: "Ai ni tun ran da na ga yaron nan na ce akwai kai! Irin su ne ka zama direkta." Matar da jiya-jiya ta ce ko akuya ba za ta ba shi kiwo ba. Har lemon kwalba aka aiko masa da shi a faranti mai murfi.

Shi bai ko kalli lemon ba. Ya ciro biro, ya matso.

"Abu ɗaya ya rage. Ranar sha huɗu ga Mayu kin turo takwas. Takwas cif, rana ɗaya tak. Ni ina cikin ɗakin nan mara taga. Faɗa min yadda suke."

Ranar ina Ojo wajen sunan ɗan ƙawata Kalsum, kuma takwas ɗin kulolin shinkafa ne da aka jera a gabanmu.

"Farare ne," na ce.

"Shimfiɗe kamar zani, ko tsinke-tsinke?"

"Shimfiɗe."

"Rana ta yi kewaye? Kin ga zobe a jikinta?"

"Ta yi."

Yana ta rubutawa. Fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da Makka. Wallahi ba tausayi ne ya kama ni ba, haushi ne. Haushin a ce mutum ya yi karatu har ya gama, kuma ya zauna a gabana yana haɗiye wannan.

"Wai kai da gaske kake, Malam Shafi'i?"

Ya ɗago.

"Ka ɗauka kullum ina hawa can? Cikin wannan rana? Don Allah kalli fatata, ta yi kama da ta wadda ta yi wata uku a saman bene?"

Na faɗa ina murmushi, don na zaci zai yi tsaki, ya yi dariya, mu rufe maganar mu biyu. Na ba shi labarin nama, na ba shi na kaji. Ina cikin na jirgin ƙasa na lura biron ya tsaya.

"Kwana nawa kika hau?"

"Oho. Kamar tara."

"Waɗanne?"

"Na farkon."

Ya jawo takardar lambobin, ya ƙirga layi tara daga sama, ya ja layi a ƙarƙashinsu da kyau, kamar mai amfani da rula. Sauran shafi uku ya ninke.

"To meye na ɓata rai?" na ce, na rage murya. "Gajimaren nan sun wuce tun tuni. Wa zai hau sama ya tono na watan Mayu? Ka aika abinka ranar Litinin, a ba ka takarda, Baba ya sa rana. Bayan biki in kana so in kwana a saman benen, sai in kwana."

"Matar nan za ta ɗora lissafinta a kai. Wasu su ɗora nasu a kan nata."

"Su ɗora mana! Uwarka ce ita? Ba wanda zai sani."

"Ni na sani," ya ce.

Ya tattara takardunsa, ya leƙa rumbu ya yi wa Baba sallama kamar kullum, ya tafi. Wayar ma bai karɓa ba.

Lahadi ba saƙo. Litinin ƙarfe biyu ta yi ta wuce, waya shiru. Na ce fushi ne, zai huce, wa ya taɓa zubar da aikin dindindin saboda furfurar tsohuwa? Inno kuwa har ta fara lissafa wa Gwaggo waɗanda za a gayyato daga Kano.

Talata bayan la'asar na hango shi daga taga, cikin tsohon wandon nan. Bai aiko a kira ni ba, rumbu ya shige. Na sauko a hankali na tsaya a matakala ta huɗu, inda ake jin komai. Baba na zaune a kan buhu, ma'aikatansa biyu na tsince goro suna canza ganye.

"Baba, na zo ne in sanar da kai kar ka ji a wani wuri. Rahoton nan ba a aika ba. Na gaya wa ogana lambobin ba su inganta ba."

"Ikon Allah. Takardar aikin fa?"

"Babu. Ya riga ya yi magana da mutanen waje, ya ji kunya ƙwarai. Na wucin gadin ma ya ce ƙarshen wata mai kamawa ne iyaka."

"Laifin wa?"

Na riƙe ƙarfen matakala.

"Nawa ne, Baba. Aikina ne in tantance, ban tantance ba."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Na san ta, ita yake yi wa dillalin da ya kawo masa goro mai tsutsa.

"Ka ga waɗannan? Ko aji ɗaya ba su yi ba. Goro dubu-dubu suke ƙirgawa a nan, ƙwaya ɗaya ba ta ɓata. Kai an kai ka makaranta, an ba ka na'ura, an ce ƙirga daga ɗaya zuwa takwas. Takwas fa! Yatsun hannu ma ba su ƙare ba." Ma'aikatan suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. "Tashi ka je, yaro. Allah ya ba ka wata sana'ar. Bencin can kuma ka bar shi ya huta."

"Na gode, Baba."

Da ya fito ya gan ni. Bai harare ni ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ina wuni," kamar ya gamu da matar maƙwabci, ya bi layin dogo ya tafi, kansa a ƙasa.

Bayan magariba aka baje tuwo a falo, aka baje Shafi'i tare da shi. Sadisu ya miƙe yana kwaikwayon tafiyarsa, wuya a sama, har ya yi karo da kujera da gangan. Gwaggo na dariya tana dafe ƙafar ciwon.

"Ni da ma ban yarda da shi ba. Alors, mutum shi kasa ƙirga girgije, ina zai iya ƙirga buhun shinkafa a gidanai?"

Inno ta ce, "Allah ya rufa mana asiri da ba a sa ranar ba. Ci abinci, Mastura, ba a kanki aka fara ba."

Na kalli kwanona. Yanka huɗu ne a ciki. Na ji idona ya ƙirga su da kansa.

"Baba, ni ce."

Ba wanda ya ji sai da na maimaita. Na faɗa duka, ban rage ba: lallen, naman, kajin, kulolin gidan Kalsum, da abin da na ce masa ranar Asabar. Sadisu ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye. Gwaggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu ba tare da ya kalle ta ba.

Ya wanke hannu a kwano a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya goge.

"Wato ya san ke ce, ya tsaya a gabana na yi masa wankin babban bargo a gaban ma'aikatana, bai ambaci sunanki ba."

Ya ture kwanon gefe, ya ci gaba.

"Gobe ƙarfe bakwai ki shirya. Za mu Ikeja, ni da ke. Ki tsaya gaban ogan nasa ki faɗa masa abin da kika faɗa min yanzu. Da naman, da kajin, kar ki bar ko ɗaya."

"Haba Alhaji," in ji Inno. "'Ya mace, a ofis, gaban maza? Kafin azahar sunanta ya zaga Agege. Wa zai ƙara tako gidan nan?"

"Shi ɗan mutanen ba shi da suna?" in ji Baba.

Ya miƙe, ya ɗauki hularsa a kan rediyo. A bakin ƙofa ya juyo ya dube ni, irin duban da na yi wata da watanni ina yi wa Shafi'i.

"Ko su mayar da shi, ko kar su mayar, za ki faɗa. In kuma bayan nan ya ce ya fasa, ni ban ga laifinsa ba."